Kaset ya mutu, sidi ya bi shi, yanzu saura memori

Turawa na da wani kuka da suka daɗe suna yi a harkar fim. Wai tun da aka bar ɗaukar fim a kan zaren nan mai huji-huji a gefe aka koma kwamfuta, hoto ya rasa armashi. Akwai ma waɗanda har yau suka kafe. Christopher Nolan, wanda ya yi Oppenheimer a 2023, a kan zare ya ɗauke shi, kuma kwafi ɗaya da aka buga wa manyan allunan IMAX tsawonsa ya kai mil 11, nauyinsa ya haura kilo 270. Fim ɗaya ke nan fa, sai an nemo ƙarti sun ɗauka.

Ni da nake zaune a Gusau ina cin abinci da ɗaukar bidiyo da tace hoto, wannan kuka ba ya taɓa ni sosai. Ba don ƙarya suke yi ba. Mu dai namu fim ɗin na Hausa, in ka cire 'yan tsiraru, bai taɓa hawa wannan zare ba balle mu yi kewarsa. A kan kaset aka haife shi, ya girma a kan sidi, yanzu yana zaune cikin waya. Abin da sauyin ya ƙwace musu daban, abin da ya ƙwace mana daban, kuma a ganina namu ya fi ciwo, ga shi ba kasafai ake maganarsa ba.

Zaren nan dai na san shi, amma ta bakin kawuna, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa da rahama. Ya yi aikin haska fim a wani gidan silima a nan garin yana saurayi, kuma har ya tsufa in aka taɓo zancen sai ya gyara zama. A yadda yake ba mu labari, fim a cikin faffaɗan gwangwanaye yake zuwa. Faɗin zaren milimita 35, na'ura na jan hoto 24 a kowane sakan, wato ƙafa 90 na zare a minti ɗaya. Naɗi guda ba ya wuce wajen minti 20, saboda haka fim ɗin Indiya mai awa 3 sai ya zo a naɗi 8 ko 9. Na'ura biyu ake girkewa gefe da gefe. In naɗin da ke kan ta farko ya kusa ƙarewa, wani ɗan ɗigo yakan bayyana a kusurwar allo ta sama, hannun dama. 'Yan kallo ba su ma lura da shi, amma mai haskawa idonsa na can. Yana ganin ɗigon zai tayar da ta biyu, in ya sake fitowa ya juya haske. In kuwa gyangyaɗi ya ɗauke shi allo ya yi fari fat, to ranar har kakanninsa sai sun sha zagi.

Ya ce abin da ya fi ba shi wahala tsinkewar zare. Kafin fim ya iso Gusau ya riga ya sha yawo, Legas ta gani, Kano ta gani, Kaduna ta gani, kowane gari an karce shi, an ƙona wani wuri, an yanke an liƙa. Duk inda ya tsinke sai a datse 'yan hotuna a haɗa bakin da gam. Shi ya sa za ka ga jarumi ya ɗaga hannu zai kai naushi, kafin ka ƙifta ido bos na ƙasa. Kawu yakan yi dariya ya ce, "Mu nan, abin da Kanawa sunka rage shi munka kalla."

Wahalar nan da kawu ke ba da labari ita ta kashe zare a can ma, sai dai su da dala suke lissafa ta. Kamfanin da zai saki fim rana ɗaya a gidajen kallo 3,000 a Amurka dole ya buga kwafi 3,000, kowanne a kan wajen dala 1,500, ban da kuɗin dako. In kuwa aka zuba fim ɗin a rumbun kwamfuta, ɗan abin da za ka riƙe a hannu ɗaya, kuɗin kwafi ya sauko zuwa kusan kashi 1 cikin 10. Wane ɗan kasuwa ne zai ga haka ya kau da kai? An fara gwaji a watan Yunin 1999 da wani fim na Star Wars, a gidajen kallo 4 kacal. Wanda ya biyo bayansa, da ya fito a 2002, da kyamarar dijital ta Sony George Lucas ya ɗauke shi. A 2005 manyan kamfanonin Hollywood suka fitar da ƙa'ida guda don kada kowa ya zo da irin na'urarsa. Masu gidajen silima suka noƙe, kuma da gaskiyarsu: su za su kashe dubban daloli a kan kowace sabuwar na'ura, rarar kuma aljihun kamfanin fim za ta shiga. Sai da aka yi yarjejeniya kamfanoni su riƙa biyan wani kaso a kan kowane fim da aka haska har kuɗin na'ura ya fita. Da Avatar ya zo a ƙarshen 2009, kowa na son ya haska shi a tsarin 3D da ake kallo da tabarau, mai jan ƙafa ma ya bi sahu. Daga nan abin bai ɗau lokaci ba. Kodak, uwar masu yin zare, ta garzaya kotu neman kariya daga masu bin ta bashi a Janairun 2012. Fujifilm ta daina yin zaren ɗaukar fim a 2013, a ƙarshen shekarar kuma Paramount ta saki babban fim a Amurka ba kwafin zare ko ɗaya.

Amma ga inda muka raba hanya da su. Fim ɗin da ake kai wa gidan silima na zamani a kulle yake zuwa. Ko ka saci rumbun ka kai gida, ba abin da za ka gani. Makullin daban ake aiko da shi, kuma ba ya buɗewa sai a kan na'ura guda da aka yi shi dominta, daga rana kaza zuwa rana kaza. Wa'adi na cika ya daina aiki. Sun canja abin da fim ke hawa, amma ba su saki ƙofa da tikiti ba. Wanda ya zuba jari ya san ta inda kuɗinsa zai dawo. Mu da muka faɗa dijital, ba ƙofa, ba makulli, ba mai gadi.

Fim ɗin Hausa na kasuwa da ake lissafawa na farko shi ne Turmin Danya, na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, a 1990, kuma a kaset ya fito. Kafin a shekara 10 harkar ta bunƙasa har ta samu sunan Kannywood a 1999. A shekarar ne kuma, ranar 27 ga Oktoba, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a nan Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, gidajen silima aka rufe su. Wato daidai lokacin da Amurka ke gwada sabuwar na'urar haskawa, mu muke sallama da tsohuwar. Kuma in za a faɗi gaskiya, ba mutane da yawa suka yi jimami ba. Silima a wurinmu ba inda mutumin kirki zai so surukinsa ya gan shi ba ce, matan aure kuwa ba su taɓa sanin ƙofarta ba. Kaset ne ya shigar da fim cikin gida, ya kai shi har ɗakin amarya, kuma duk wanda ya yi zaman shago a lokacin ya san mata ne suka riƙe kasuwar fim ɗin Hausa.

Ni na yi zaman shagon, ina yaro, a wurin wani mai ba da hayar kaset a Tudun Wada. Bayan la'asar za ka ga 'yan mata ƙanana sun jeru da hijabai, kowacce da saƙon uwar ɗakinta: an ce a ba da sabo, mai waƙa, kada a ba da wanda ke cin zare. Aikina in rubuta a littafi, in mayar da kaset baya, in wanke kan bidiyo da auduga da sifirit in hoto ya fara ruwa-ruwa. A nan na fahimci yadda kuɗi ke komawa hannun mai fim, kuma tsarin na da ban sha'awa. Furodusa zai kai uwar kaset wurin 'yan kasuwa a Kano, Ƙofar Wambai ce cibiya, shi kuma ya je ya buga kwali. Kwalin nan shi ne kuɗinsa. Ɗan kasuwa zai sayi kwali adadin da yake ganin zai iya sayarwa, ya sayo kaset ba komai a kai, ya kwafa da kansa ya zura a ciki. Fim ya samu karɓuwa, a dawo a ƙara sayen kwali.

Ɓarayin fasaha na nan tun lokacin, ba yau suka fara ba. Sai dai kaset da kansa yana hukunta ɓarawo. Fim mai awa 2, kwafarsa awa 2 ce, babu gajeriyar hanya. Wanda ke son kwafi da yawa sai ya jera bidiyo birjik, ya sha kuɗin man janareta. Na biyu kuma, kwafin kwafi ba ya ɓuya. Launi ya zube, murya ta riƙa rawa, fuska ta yi dishi-dishi. Matar da ta biya kuɗin haya aka kai mata irin wannan, gobe da safe yarinya za ta dawo da shi da saƙo mai zafi. Saboda haka na asali yana da daraja, ba don tsoron hukuma ba.

Waɗannan shingaye biyu su dijital ta rushe, kuma ba mu ankara ba sai da aka gama. Da sidi ya zo mun yi murna: ga arha, ga sauƙin ɗauka, ba mayarwa baya, duk da cewa faifai ɗaya ba ya cin fiye da minti 80, dole fim ya rabu biyu. Amma kwamfuta na ƙona faifai cikin 'yan mintuna, kuma kwafi na 1,000 daidai yake da na farko. Kwali ya zama takarda kawai. Abin da ya ci Doma kuma bai bar Awe ba, don wayoyi masu memori na shigowa sidin ma ya bi kaset. Tebur ɗaya, lema, tsohuwar kwamfuta, ƙaramin janareta, shi ke nan ka zama mai turi. Mutum ya miƙo waya da naira 50 ko 100 a zuba masa fim, ya koma unguwa ya raba wa abokai goma ta Xender kyauta. Mai fim yana Kano bai san ana yi ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, fina-finan Indiya masu fassarar Hausa suka cika tebura, su kuwa an riga an kashe musu kuɗi a can Indiya, murya kawai za a ɗora. Wajen tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe. Shagon da na yi wa aiki yanzu caja da gilashin waya ake sayarwa a ciki.

Ba na cikin masu tsine wa 'yan turi. Yara ne da suka nemi abin yi, kuma su suka kai fim ƙauyukan da kwali bai taɓa zuwa ba. An yi ta ƙoƙarin shigar da su tsari su riƙa biyan wani abu, to amma ta yaya za ka ƙirga abin da ba a ganin fitarsa?

Ta ɓangaren aiki kuwa ba zan yi wa dijital butulci ba. Kyamarar da na fara riƙewa Panasonic ce ta kafaɗa, irin wadda ake zura wa cikakken kaset. In ka wuni da ita a gidan biki, da dare sai an taka maka baya. Fitilarta na gasa fuskar amarya har kwalliya ta narke. Tacewa da bidiyo biyu ake yi, wannan na karantawa wancan na ɗauka, yatsanka a kan maɓallin tsayarwa. In aka ce a cire wani abu a tsakiya, sai dai ka sake daga nan har ƙarshe. Da ƙananan kaset na MiniDV suka zo aka fara zuba hoto a kwamfuta, ji muka yi an 'yanta mu, duk da cewa kaset mai awa 1 sai ya ci awa 1 kafin ya shige, ya kuma lashe giga 13 a zamanin da rumbu gaba ɗaya bai wuce giga 40 ko 80 ba. Nefa ta ɗauke wuta a minti na 50, ka koma farko. Sai Canon ta fito da 5D Mark II a 2008, kyamarar ɗaukar hoto ce amma tana bidiyo mai kyan gaske. Ita da ire-irenta suka kawo mana hoton nan da mutum ke fitowa tar bayansa ya dusashe, wanda da can sai a fim ɗin waje muke gani. Yau yaron da ke koyon aiki a wurina yana tace bidiyo a wayarsa, a kan benci, abin da da sai ɗaki guda na kayan aiki.

Sai dai sauƙi ya zo da lalaci. Zamanin kaset kafin ka danna sai ka yi tunani, don abin da ke hannunka ƙidayayye ne. Yanzu kalmar ita ce a ɗauka kawai, a gyara a kwamfuta. Kuma har gobe sauti ne ba mai kula da shi. A sayo kyamarar miliyoyi, a tashi jirgi maras matuƙi ya ɗauko rufin gidaje daga sama, sannan a ɗauki magana janareta na ruri a bayan katanga. Alhali mai kallon nan a ƙaramar waya yake kallo, gilashinta ma a fashe. Zai yafe maka hoto, ba zai yafe maka murya ba.

Da kasuwar faifai ta faɗi, masu fim suka bazama neman mafita. Wasu suka nufi silima ta zamani da ke cikin kantin Ado Bayero a Kano, inda aka haska irin su Mansoor a 2017. To amma mutumin Gusau ko Ƙaura ko Mafara zai hau mota zuwa Kano don kallon fim, a yadda hanya take? Tashar Arewa24 da ta fara a 2014 ta nuna cewa shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa na iya riƙe mutane mako bayan mako. Sai 2020, shekarar zaman gida na korona, Izzar So da Labarina suka tabbatar wa kowa inda kasuwa ta koma. Yanzu YouTube ce Ƙofar Wambai, kuma tana da nata sharuɗɗa. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Kuɗin kuma ya danganta da inda mai kallo yake: Bahaushe ɗaya da ke kallo daga Ingila ko Saudiyya ya fi tarin 'yan Gusau kawo kuɗi, don tallar da ake nuna masa ta fi tsada. Wanda ya karɓa a teburin mai turi kuwa ko lissafi ba ya shiga. Shi ya sa labarin da zai ƙare cikin awa 2 ake jan sa zango bayan zango, mutum biyu su zauna a kan kujera su yi ta maimaita maganar da aka yi makon jiya. Ina jin haushin abin, amma na san ba rashin basira ba ne. Minti ake sayarwa.

Mu 'yan Zamfara mun ga iyakar wannan sabuwar kasuwa da idonmu. A farkon Satumban 2021 aka yanke layukan waya a duk faɗin jihar, cikin matakan yaƙi da 'yan bindiga, tare da rufe kasuwannin mako da hana sayar da mai a jarka. Mako 2 aka ce da farko. Gusau ba ta ga sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Fim shi ne mafi ƙanƙantar abin da aka rasa a lokacin. Mutane ta yadda za su ji lafiyar 'yan uwa suke, da yadda za su ciri kuɗi, wasu har Funtuwa suke zuwa don kiran waya ɗaya, da aka yanke na can ma sai gaba. Amma ni mai wannan sana'a na lura da wani abu. Teburin mai turin da ke kusa da shagona bai taɓa cika irin na lokacin ba. Direban da ya taso daga Zariya ko Kano zai zo da filas a aljihu, shirin makon nan a ciki, kafin magariba layi ya kai bakin titi. Fim ya koma zuwa a mota, yadda gwangwanayen kawu ke zuwa. Wani abokin sana'ata kuma, wanda kullum yake mana gori cewa shi duk ayyukansa a intanet yake ajiyewa, ya zauna makonni bai iya taɓa ko ɗaya ba, masu biki na sintiri a ƙofar shagonsa.

Maganar ajiya ita ce ta fi damuna, fiye ma da maganar kuɗi, don kuɗi in an rasa yau ana iya samu gobe.

Wani ɓangare na aikina yanzu shi ne juyar wa mutane tsofaffin kaset zuwa waya. Kwanaki wata dattijuwa ta zo daga Birnin Ruwa da kaset naɗe a cikin ɗankwali. Ta ce, "Ɗana, wanga kaset na bikin ɗiyata ne. Malam na ciki, Allah shi jiƙanai. So nika ka sa min shi ga waya." Na ɗaga shi a haske, ta 'yar tagar nan na hango hunhuna fari fat ta bi naɗin. Na ce, "To Inna, bari in gwada, amma ban yi miki alkawari ba." Na kwance ƙusoshin, na buɗe gidan, na riƙa jan zaren a hankali ina sharewa da tsumma mai laushi, taƙi bayan taƙi. Inda ya manne da juna ya yage, na datse na haɗa. An samu farkon, wurin ɗaurin aure, hoto na rawa amma ana gane fuska, murya kuma ta fito. Ƙarshen ya tafi. Ta karɓi abin da aka samu ta yi ta sa albarka.

A ranar da ta biyo baya wani matashi ya kawo memori, bikinsa ne da bai fi 'yan shekaru ba. Waya na cewa sai an goge shi kafin ya yi aiki. Na gwada duk dabarar da na sani, ko hoto ɗaya bai fito ba. Wanda ya ɗaukar masa kuma ya daɗe da share nasa don ya samu wurin aikin gaba, kamar yadda kusan kowa ke yi a sana'ar nan, tunda rumbu da dala ake sayo shi. Bambancin ke nan. Kaset da kaɗan-kaɗan yake mutuwa, yana ba ka lokaci ka ceci wani abu. Sidi in fatar bayansa ta fara ɓarewa, ko memori, ko rumbun da wuta ta zo da ƙarfi ta buga, lokaci ɗaya suke tafiya da komai.

Zaren da na ce ba mu yi kewarsa ba, a nan ya fi mu gaskiya. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal da ke Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Shekara 40 yana kwance cikin gwangwani, da aka ɗaga shi a haske hoton na nan. Su kansu Amurkawan da suka tura duniya dijital sun san da haka: cibiyar da ke ba da kyautar Oscar ta fitar da rahoto a 2007 cewa adana fim a dijital ya ninka adana shi a zare tsada fiye da sau 10, don kullum sai an yi ta kwashe shi daga tsohon rumbu zuwa sabo kafin na da ya mutu.

To mu wa ke kwashe namu? Ka samu furodusan da ya yi tashe a zamanin kwali ka tambaye shi ina uwar kaset ɗin fina-finansa, ka ji abin da zai ce maka. Tsofaffin fina-finan da ake gani a YouTube yawanci kwafin kwafi ne, wani ya ɗora da lambar wayarsa na yawo a tsakiyar allo, kuma ranar da aka rufe tashar sun tafi ke nan. Ban ma zo kan namu na gida ba: wasannin kwaikwayon da ƙungiyoyin samari suka ɗauka a nan Gusau, hawan salla, dambe da kokawa, karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya, makaɗan fada na ƙasar Zamfara da wani ya taɓa ɗauka a wurin biki. Suna nan cikin akwatuna da ƙarƙashin gadaje, damina na bi ta kansu kowace shekara.

Hukumar Fina-finai na da ma'ajiya a Jos, kuma tun Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabantar ta, mutumin da shi kansa a kan kaset ya yi suna. Ya fi kowa sanin abin da ke cikin akwatunan nan. Da za a sa mutane su bi jiha-jiha suna karɓar kaset ana juyewa ana mayar wa masu shi, jami'o'inmu kuma su riƙe kwafi, aikin ba na biliyoyi ba ne. Bidiyo mai lafiya, kwamfuta, rumbu biyu ko uku a wurare daban-daban, da mutum mai haƙuri. Abin da ke ƙarewa shi ne lokaci, don kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo, ya daina tun 2016.

Kafin nan, wanda ke da kaset a gida kada ya zura shi a na'ura in ya ga fari-fari ta taga, zai ɓata kaset ɗin ya kuma ɓata kan na'urar. A ajiye shi a tsaye, nesa da danshi da rana, a nemi wanda ya iya. In an juye, kada a bar shi a waya ɗaya. A tura wa 'yan uwa, a sa a filas, a ajiye kaset ɗin ma kada a yar. Mai tsohon bidiyo kuma, ko da ya mutu, don Allah kada ya ba 'yan gwangwan. Kan da ke cikinsa da robobinsa su muke nema ruwa a jallo, kuma ba a ƙera sababbi.